Gurbin bincike kan tsaron ƙasa da ƙasa: me kwamitin zaɓe yake dubawa?

*"Assalamu alaikum Malam. Ina shekara ta uku a karatun digirin digirgir a kimiyyar siyasa a wata jami'a ta Afirka. Kundina a kan rundunonin haɗin gwiwa ne da ƙasashe maƙwabta suke kafawa don yaƙar masu tayar da ƙayar baya. Ina yawan ganin sanarwar feloshif daga cibiyoyin nazarin tsaro na jami'o'i irin su Harvard da Stanford. Sau biyu ina nema, ko kiran ganawa ban samu ba. Shin guraben nan na ɗaliban jami'o'in Amurka ne kawai? Ko kuwa akwai abin da nake yi ba daidai ba? Kuma in jira sai na kammala ne, ko in ci gaba da nema tun yanzu?"*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a karatun. Tambayoyi uku ka yi: ko ƙofar a buɗe take ga irinka, ko akwai gyara a takardunka, da kuma lokacin da ya fi dacewa ka nema. Ta biyun ce za ta fi cin lokacinmu, domin ita ce ke hannunka. Na taɓa zama irin wannan gurbi na shekara guda bayan na gama digirina, daga baya kuma na zauna cikin masu tantance takardun masu nema a wata cibiya, don haka abin da zan faɗa maka ya haɗa da abin da na gani ta ɓangarorin biyu.

Abin da ake kira feloshif a wannan fage ya bambanta da tallafin karatu da aka saba da shi. Ba a ba ka shi don ka shiga aji ko ka samu wata takardar shaida. Cibiya ce take sayen lokacinka na wata tara zuwa shekara guda, wani lokaci biyu, ta ba ka ofis, da katin ɗakin karatu, da alawus, galibi da inshorar lafiya, ta ɗauke maka koyarwa, sannan ta ce ka zauna ka gama aikin da ka riga ka fara. Abin da take so daga gare ka shi ne ka kasance a wurin, ka halarci taron ƙara wa juna sani na mako-mako, ka gabatar da aikinka a gaban abokan zama, ka fitar da rubutu mai ɗauke da sunanta. Akwai gurbin masu rubuta kundi, akwai na waɗanda suka gama digirin ba da jimawa ba, akwai kuma na ƙananan malaman jami'a da na ma'aikata irin su hafsoshin soja da jami'an diflomasiyya.

Inda cibiyoyin suka samo asali

Sanin tarihin cibiya yana gaya maka irin tambayoyin da kunnenta ya saba da su. Fagen nazarin tsaro a siffarsa ta yau ya taso ne bayan 1945, lokacin da makamin nukiliya ya sa masana farar hula suka shiga maganar da a da ta janar-janar ce. Mutane irin su Bernard Brodie da Thomas Schelling sun yi ta tunanin yadda ake hana abokin gaba kai hari ta hanyar tsoratar da shi, da yadda ake cinikin rage makamai. A 1973 Paul Doty, masanin kimiyyar sinadarai, ya kafa shirin da ya zama Cibiyar Belfer a Harvard da kuɗin Gidauniyar Ford, kuma daga can ne mujallar International Security ta fara fita a 1976. Cibiyar Stanford da ake kira CISAC ta tsaya da ƙafafunta a 1983 a hannun Sidney Drell, masanin fiziks, da John Lewis, masanin siyasar Sin, shi ya sa har yau take haɗa masana kimiyya da injiniyoyi da masana siyasa a ɗaki ɗaya. MIT tana da nata shirin da ya shahara da nazarin ƙarfin soja da dabarun manyan ƙasashe, Barry Posen ya daɗe yana jagorantarsa. Na Yale kuwa, da yake Paul Kennedy ya daɗe a kansa, ya fi karkata ga tarihi. A Ingila, Michael Howard ne ya kafa sashen nazarin yaƙi na King's College da ke Landan a 1962.

Bayan yaƙin cacar baka fagen ya faɗaɗa. Yaƙin basasa, ta'addanci, juyin mulki, aikin wanzar da zaman lafiya, tsaron intanet, jirage marasa matuƙa, duk sun shigo. Sai dai tsohon ɗanɗanon bai gushe ba. Yawancin cibiyoyin Amurka har gobe suna auna aiki da tambaya guda: me wannan binciken zai koya mana game da amfani da ƙarfi, ko barazanar amfani da shi, tsakanin masu riƙe da makami?

Ko ƙofar a buɗe take

A rubuce, yawancin manyan guraben ba su kafa sharaɗin zama ɗan Amurka ba, kuma ana ɗaukar 'yan ƙasashe daban-daban. Akwai waɗanda suka keɓe wa 'yan ƙasa ko ɗaliban jami'o'in ƙasar, musamman idan kuɗin na gwamnati ne, kuma sanarwar kan faɗi haka a fili. A aikace kuwa, ba zan ɓoye maka ba, ɗalibin da ya fito daga jami'ar da 'yan kwamiti suka san malamanta yana da fifiko. Dalilin ba lalle ne ƙiyayya ba. Mutum ne aka jibga wa tarin takardu ya karanta cikin 'yan kwanaki, ga koyarwa tana jiransa. Idan ya ga wasiƙar shaida daga malamin da ya san ma'auninsa, ya san nauyin kalmar "haziƙi" a bakinsa. Idan wasiƙar daga wanda bai taɓa ji ba ce, dole aikin ɗalibin ne zai tsaya wa kansa. Wannan rashin daidaito yana damuna, na kuma sha yin jayayya a kansa a teburin zaɓe. Amma yana da magani, ko da ba cikakke ba: ka sa rubutunka ya yi maganar da sunan jami'arka ba zai yi maka ba.

Daftarin bincike, inda aka fi faɗuwa

Ban ga takardunka ba, amma na ga irinsu da yawa, kuma kusan kullum cutar ɗaya ce. Mai nema yakan cika shafi biyu na farko da bayanin yadda matsalar tsaro ta yi muni a yankin da yake nazari: an kashe mutane kaza, an raba kaza da gidajensu, iyakoki a buɗe suke. Duk gaskiya ne, amma mai karatu ya riga ya yarda cewa abin ya yi muni. Abin da yake nema a sakin layi na farko shi ne tambayar da ba a san amsarta ba, da amsar da kai kake zato, da hujjar da za ka kawo.

Bari in ɗauki maudu'inka in nuna maka. Idan ka rubuta cewa za ka "nazarci ƙalubalen da ke fuskantar rundunonin haɗin gwiwa", ka faɗi fili ne kawai, ba ka faɗi abin da za ka shuka a ciki ba. Kowa ya san amsar tun kafin ka fara: rashin kuɗi, rashin kayan aiki, rashin yarda da juna. To amma duba wannan. An kafa ƙungiyar G5 Sahel a 2014, rundunarta ta haɗin gwiwa a 2017, da goyon bayan Faransa da kuɗin Tarayyar Turai. Mali ta fice a 2022, Burkina Faso da Nijar suka bi ta a ƙarshen 2023. Rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi, wadda aka farfaɗo da ita a 2015, ta fi ta tsawon rai duk da nata matsalolin. Me ya sa wata take watsewa wata take jurewa, alhali barazanar kusan iri ɗaya ce? Shin kasancewar ƙasa ɗaya babba da ke ɗaukar mafi yawan nauyi ne? Shin dogaro da kuɗin waje ne ke raunana ta? Shin juyin mulki ne ke canja lissafin shugabanni? Yanzu ka samu tambaya, kuma tambaya ce da wanda bai taɓa taka ƙafarsa a Afirka ba zai tsaya ya saurara, domin tsohuwar muhawara ce a fagen. Tun 1966 Mancur Olson da Richard Zeckhauser suka yi bayanin dalilin da ya sa ƙananan ƙasashe a ƙawance irin NATO suke barin babba ta ɗauki kaya. Idan bincikenka ya nuna inda wannan bayani ya yi aiki da inda ya gaza, ka shiga zancen da ake yi a ɗakin, kuma ka shigo da abin da su ba su da shi.

Ni ma a nan na faɗi a nemana na farko. Na aika da daftari da nake alfahari da shi, cike da sunayen wurare da ranaku. Bayan an ƙi ni sai wata malama da ta girme ni ta karɓi takardar, ta ɗauki jan biro, ta ja layi a ƙarƙashin wata jimla guda a tsakiyar shafi na uku, ta rubuta a gefe: daga nan za ka fara. Jimlar ita ce kaɗai inda na faɗi abin da nake zaton shi ne dalili. Na mayar da ita layin farko, na zubar da fiye da rabin abin da ke gabanta, na cika wurin da bayanin yadda zan gane in na yi kuskure. Da wannan daftarin aka ɗauke ni a shekarar da ta biyo.

Wannan batu na ƙarshe mutane suna raina shi. Kwamiti yana son ya ga cewa ka san wasu bayanan da za su iya karya naka, kuma ka tanadi hanyar gwada su. Ka faɗi a fili wace hujja kake da ita a hannu yanzu: hira nawa ka yi da kuma da wane irin mutane, wane ɗakin adana takardu ka shiga, waɗanne alƙaluma ka yi amfani da su. Idan kana amfani da bayanan ACLED ko na Jami'ar Uppsala kan tashe-tashen hankula, ko na cibiyar bincike ta SIPRI da ke Sweden kan kuɗin da ƙasashe ke kashewa a soja, ka nuna ka san rauninsu, misali cewa yawancin bayanan tashe-tashen hankula daga rahotannin kafofin labarai ake tattaro su, don haka wuraren da 'yan jarida ba sa isa sukan fito kamar lafiya lau. A nan ne kake da abin da ɗalibin da ke zaune a Boston ba shi da shi: harshe, da kusanci, da sanin wanda ya kamata a tambaya. Kada ka ɓoye wannan a ƙarshen takarda.

Sauran takardun ba sa buƙatar dogon bayani. Samfurin rubutu ya zama babi mafi ƙarfi a kundinka ko maƙalar da ka wallafa, wanda ke ɗauke da hujja, ba babin bitar ayyukan magabata ba. Jadawalin aiki ya zama abin da mutum zai iya yi cikin wata goma: gama babi biyu, aika maƙala ɗaya ga mujalla. Ka ambaci malamai biyu ko uku na cibiyar da aikinsu ya taɓa naka, ka faɗi ta ina, bayan ka karanta su da gaske. Wasiƙun shaida galibi uku ake nema. Ɗaya dole ta fito daga mai duba kundinka, ta kuma faɗi ranar da ake sa ran za ka gama. Ka yi ƙoƙari ɗaya ta fito daga masanin da aka sani a fagen a wajen jami'arka, wanda ya karanta aikinka. Irin wannan alaƙa a tarukan masana ake ƙulla ta, ko ta aika wa mutum babi guda da tambaya takamaimai, kuma takan ɗauki watanni. Wasiƙar babban mutum da bai karanta ko shafi ɗaya naka ba, ana gane ta daga layi na biyu.

Yanzu ko sai ka gama

Gurbin masu rubuta kundi an yi shi ne don wanda ya gama tattara bayanai, ya zauna rubutu, kuma zai iya kammalawa cikin shekarar ko jim kaɗan bayanta. Idan har yanzu kana fita hira da mutane, ka yi wuri, kuma mai yiwuwa wannan na cikin abin da ya kayar da kai sau biyun. Zama a Amurka ba zai taimaki wanda hujjarsa take can wata nahiya tana jiransa ba. A wannan mataki abin da ya fi dacewa da kai shi ne kuɗin aikin fili. Majalisar binciken kimiyyar zamantakewa ta SSRC da ke New York, da tallafin Gidauniyar Carnegie, ta gudanar da shiri na musamman ga ɗaliban digirin digirgir a jami'o'in Ghana, Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu, Tanzaniya da Uganda kan zaman lafiya da tsaro da ci gaba, a matakai uku: tsara daftari, aikin bincike, da kammala kundi. Ta kuma fara shirin masu binciken gina zaman lafiya a Afirka a 2012. Ka duba sanarwarsu ta bana. Samun irin wannan yana da amfani biyu, domin bayan kuɗin, yana nuna wa kwamiti na gaba cewa wasu masana sun riga sun auna aikinka. Cibiyar horar da shugabannin Afirka ta ALC da aka kafa a Nairobi a 2010, haɗin gwiwar King's College da Jami'ar Nairobi ƙarƙashin jagorancin Farfesa Funmi Olonisakin, ita ma tana ba da gurabe kan zaman lafiya da tsaro, sai dai ta fi mayar da hankali ga matasa masu matakin digiri na biyu, don haka ka gaya wa ƙannenka.

Bayan ka gama, fili ya fi faɗi, kuma kada ka tsaya a sunaye biyun da ka ambata. A Amurka akwai Cibiyar Dickey a Dartmouth, da Cibiyar Mershon a Jami'ar Jihar Ohio, da cibiyar tsaro ta Notre Dame, da Cibiyar Clements a Jami'ar Texas. Kowace da abin da ta fi so, wasu sun fi karkata ga manufofin wajen Amurka. A Turai tsarin ya ɗan bambanta. Gurbin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai a buɗe yake ga ɗan kowace ƙasa, na shekara ɗaya zuwa biyu ne, ana rufe nema a watan Satumba, amma sai ka samu malami da jami'ar da za su karɓe ka ku rubuta tare, kuma kada ka kasance ka zauna a ƙasar fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka gabata. Gidauniyar Humboldt ta Jamus tana da gurbin Georg Forster ga masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, shi ma sai da mai masauki. Akwai kuma shirin Max Weber a cibiyar jami'a ta Turai da ke Florence a Italiya. Guraben Amurka galibi ana rufe nemansu ne tsakanin ƙarshen shekara da watan Janairu, a fara zama a Satumba. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ka fara gyaran daftari da neman wasiƙu tun tsakiyar shekara.

Kuɗin wa za ka ci

Wannan ba ka tambaya ba, amma ba zan iya barinsa ba, domin fagenmu ya sha bamban da sauran fagage a nan. Kowane gurbi akwai wanda ya zuba kuɗinsa, kuma abin da mai kuɗin ya damu da shi ne ke yanke irin maudu'in da za a ɗauka. Gidauniyar Stanton, wadda Frank Stanton tsohon shugaban gidan talabijin na CBS ya kafa, tana ɗaukar nauyin masu bincike a Harvard da MIT da Stanford da wasu cibiyoyi, amma kan tsaron nukiliya kawai. Idan aikinka bai taɓa nukiliya ba, kada ka ɓata lokaci kana lanƙwasa shi don ya shiga. Kuɗin kuma yana zuwa yana tafiya. Gidauniyar MacArthur, wadda ta daɗe tana cikin manyan masu tallafa wa aikin nukiliya, ta janye daga fagen a 2023. Shirin Minerva da ma'aikatar tsaron Amurka ta fara a 2008 don tallafa wa binciken jami'o'i kan zamantakewa, a 2025 ma'aikatar ta sanar da yanke irin wannan kuɗi. Gurbin da ya fito bara ba lalle ne ya fito bana ba.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne amanar mutanen da suka yi magana da kai. A 1964 rundunar sojan Amurka ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna Camelot don masana zamantakewa su nazarci abin da ke haddasa tawaye. Da maganar ta fasu a Chile, aka yi ta hayaniya har aka soke shi a 1965, kuma ya bar zargi a kan masu bincike na waje har tsawon shekaru. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka ka karanta sharuɗɗan tun kafin ka sa hannu: wa ke da iko da bayanan da ka tattara, shin akwai wanda zai duba rubutunka kafin ka wallafa, shin akwai rahoton da za ka ba wata hukuma. Yawancin guraben jami'a ba su da irin wannan tarko, amma tambaya ba ta rage komai. A shekarar zamana, bayan na gabatar da aikina, wani baƙo da ya halarci taron ya same ni a bakin ƙofa ya tambaye ni, cikin ladabi, ko zan iya gaya masa muƙamin wani hafsa da na ambaci maganarsa ba tare da suna ba. Na ce masa a'a. Da na koma ofis sai na sake bin babin layi-layi, na gano cewa wanda ya san rundunar zai iya gane mutumin daga shekarar da na ambata da wurin da aka tura shi. Na cire duka biyun a daren. Ka yi wannan bitar tun kafin ka aika samfurin rubutunka ga kowane kwamiti.

Gogewata a ɓangaren kimiyyar siyasa da tarihi take. Guraben da ake ba masana fiziks da injiniyoyi da masanan kwamfuta a cibiyoyi irin CISAC suna da nasu ma'auni, mai neman su ya tuntuɓi wanda ya bi ta can. Sharuɗɗa da adadin alawus kuma suna canjawa duk shekara, sanarwar cibiyar ita ce hujja, ba maganata ba. Idan aka ɗauke ka a Amurka, galibi da biza nau'in J-1 za ka shiga, cibiyar ce za ta aiko maka da takardar DS-2019, kuma wasu masu wannan biza doka tana wajabta musu komawa ƙasarsu su yi shekara biyu kafin su nemi wasu nau'o'in biza, musamman idan kuɗin gwamnati ne ya ɗauki nauyinsu. Ka tambayi ofishin baƙi na jami'ar ko wannan ya shafe ka. Ka kuma lissafa kuɗin haya kafin ka amsa, domin garuruwan da Harvard da Stanford suke suna cikin mafi tsadar gidaje a ƙasar, kuma alawus ɗin mai rubuta kundi ya gaza na wanda ya gama. Idan kana koyarwa, ka nemi izinin hutun bincike a rubuce tun lokacin da kake cike takardun nema, kada ka bari sai wasiƙar ɗauka ta iso.

Shawarata gare ka a bana ita ce ka nemi kuɗin kammala aikin fili, ka mayar da babi ɗaya maƙala ka aika wa mujalla, ka kuma sake rubuta daftarinka a kan tambayar dalilin da ya sa wata runduna take watsewa wata take jurewa. Idan ka gama shafin farko, ka ba wani masanin da bai san yankinka ba ya karanta, sannan ka karɓe takardar ka ce ya faɗa maka tambayar da amsar da kake zato. In ya iya faɗa, ka aika.